Kawu, in bar aji in bi darakta lokeshan?

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a sashen koyon aikin jarida na wata jami'a a nan Arewa, shekarata 22. Tun ina sakandare nake son fim. Ba fitowa a ciki nake so ba, shirya shi nake so in iya. Na shigo sashen nan da zaton za a koya mini, sai ga shi shekara uku kwafar rubutu kawai muke yi. Kyamara biyu ce a sashen, ɗaya ta lalace, ɗayar tana kulle a ofishin wani malami, mu kuma mun kusa 200 a aji. Sau ɗaya muka taɓa yin fim na aikin aji, mu 12 a rukuni. Muka ƙare da rigima, hoto ya fita amma ba a jin abin da ake faɗa.

Yanzu wani darakta da na sani ta hanyar abokina ya ce in bi shi lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, wata 3, za su ɗauki fim mai dogon zango. Bai yi maganar biya ba, ya ce dai zan ga aiki. Lokacin ya faɗo tsakiyar zangon karatu. Ga kuma kuɗin rajista da mahaifina ya ba ni suna hannuna, zuciyata tana ta raya mini in haɗa da ɗan abin da na tara in sayi tsohuwar kyamara. Mahaifina ɗan kasuwa ne, bai san ina son fim ba, ko sunan 'yan fim ba ya son a ambata a gidansa. Burinsa in gama in samu aikin gidan rediyo ko na gwamnati. Mahaifiyata ta sani, ta ce in rufa mata asiri kada ya ji. Kawu, gani nake lokaci yana wuce ni, sa'o'ina suna ta sakin abubuwa a YouTube. Me zan yi?

Ɗanka, daga wata jami'a.

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin mu ce komai, gobe da safe ka je ka biya kuɗin rajistar nan. Kada ka bari su ƙara kwana a hannunka, domin kuɗin da aka riga aka yi wa tunani biyu ba su cika daɗewa ba. Amana ce mahaifinka ya damƙa maka. Idan ka juya ta zuwa kyamara, ranar da maganar ta fito, kuma za ta fito, ramin ƙarya ƙurarre ne, ba kai kaɗai za ka sha kunya ba. Duk abin da yake zargin harkar fim da shi ka tabbatar masa da hannunka, ka kuma rufe ƙofar da nake so mu lallaɓa mu buɗe. Ka biya, ka ajiye rasit, sannan ka dawo mu ci gaba.

Na ji zafin da ke cikin takardarka, kuma ban ga laifinka ba. Mutum ya shekara uku yana jiran a miƙa masa kyamara, a ce tana cikin kabad, dole ransa ya sosu. Matsalar ma ta wuce sashenku. Kwas ɗin aikin jarida a jami'o'inmu ya daɗe yana ɗauke da kaya fiye da ƙarfinsa: jarida, rediyo, talabijin, talla, hulɗa da jama'a, duk a buhu ɗaya, fim kuwa ɗan darasi ɗaya ko biyu ake tsakura masa. Shi ya sa a 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta raba kwas ɗin zuwa fannoni daban-daban, har fim ya samu nasa digirin. Amma raba kwas a takarda daban, sayen kayan aiki da samun malaman da suka taɓa tsayawa bayan kyamara daban. Kai ka faɗo a tsakanin tsohon tsari da sabo.

Malamin da ya kulle kyamarar kuma, ka ɗan yi masa uzuri. Da alama shi ya sa hannu ya karɓe ta, ɗayar ta riga ta mutu a hannun ɗalibai, in wannan ta bi sahu shi za a tuhuma. Ɗalibin da ya je ya ce "Malam a ba mu kyamara mu koya" amsa ɗaya zai samu. Wanda ya je da labari a rubuce shafi 3, da jerin hotunan da zai ɗauka ɗaya bayan ɗaya, da rana da awa, da sunayen mutum biyu da za su tsaya masa, ya ce a haɗa shi da ma'aikacin sutudiyo ya raka su, wannan da wuya a kore shi. Ko ba a ba ka ba, malamin ya san fuskarka, kuma a aji mai mutum 200 wannan ma riba ce. Za ka buƙaci wanda zai duba maka aikin kammala digiri, ka kuma roƙi a bar ka ka yi shi a matsayin fim in tsarin sashenku ya yarda.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau. Sake karanta abin da ka rubuto game da fim ɗinku na aji: hoto ya fita, ba a jin magana. To ina ruwan kyamara a nan? Da ka sayi kyamarar miliyoyi ranar, haka fim ɗin zai fito, hoto tangaram, magana kamar daga cikin rijiya. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma in ya kasa jin abin da jarumi ke faɗa, minti ɗaya ba zai ƙara ba. Na yi shekaru a wani gidan talabijin, kuma aikin farko da aka dawo mini da shi hira ce da wani dattijo maƙeri. Na zaɓi wuri mai kyau, wuta tana ci a bayansa, ƙarfe ya yi ja, ina ta murna. Da muka zauna tacewa sai muka tarar injin niƙan maƙwabta ya cinye rabin maganarsa. Ni ban ji injin ba a lokacin ɗauka, saboda kunnen mutum yana tace abin da ba ya so, makirfo kuwa ba ta da wannan wayon. Sai da na koma na ba dattijon haƙuri muka sake.

Saboda haka ɗan abin da ka tara na kanka, ga inda zai yi amfani: ƙaramar makirfo ta maƙalawa a wuyan riga, da ƙafar ɗora waya, da abin jin sauti na kunne, da wurin ajiyar hotuna don kada wayarka ta cika a tsakiyar aiki. Wayar da ke aljihunka ita ce kyamararka a bana, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka ari wayar aboki ta biyu ta zama na'urar ɗaukar sauti, ka sa ta kusa da bakin mai magana. Kafin kowace ɗauka wani ya tsaya gaban kyamara ya tafa hannu sau ɗaya. Wannan tafin shi za ka bi wajen haɗa sauti da hoto. Ka kashe fanka, ka jira mai Adaidaita ya wuce, in akwai janareto a matsar da shi nesa. Idan kun gama, kowa ya yi shiru ka ɗauki sautin ɗakin na minti ɗaya, za ka ga amfaninsa lokacin da kake cike gurbin da ka yanke. Matasan nan na Kaduna da ake kira The Critics, da waya mai fasasshen gilashi da ƙyalle kore suka yi gajerun fina-finan da suka sa duniya ta san su a 2019. Kayan aiki daga baya suka zo musu.

Haske ma kyauta yake zuwa in ka san lokacinsa. Ranar tsaka a ƙasarmu mugun haske gare ta, tana zuba inuwa a kwarmin ido, fuska ta yi kamar ta mai jinya. Ka fita bayan fitowar rana kaɗan, ko da la'asar sakaliya. A cikin ɗaki ka zaunar da mutum kusa da taga, hasken ya zo masa ta gefe, wani ya riƙe farin kwali a ɗaya gefen ya mayar masa da haske. In za ka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ka sa wayar a hoto 25 cikin daƙiƙa, domin wutarmu a kan zagaye 50 cikin daƙiƙa take tafiya, in ba haka ba za ka iya ganin hoton yana ƙyafta ido. Sannan idan mutum biyu suna hira, ka ƙaddara akwai igiya a miƙe tsakaninsu, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na igiyar har a gama. Ka tsallaka, mai kallo zai ga kamar duka biyun gabas suke kallo, ya rasa wa ke yi wa wa magana. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma ba su zama a hannu sai an yi kuskurensu an ga sakamakon da ido.

Abin da ya fi duk wannan shi ne ka riƙa gamawa. Ɗalibai da yawa suna da babban fim a ka, na awa biyu, da sarki da mayaƙa da dawaki, kuma a kan nan yake tsufa. Kai ka ɗauki alkawarin fim ɗaya na minti 3 duk wata, daga yanzu har ka gama makaranta. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, ka ga shafi 3 ke nan. Mutum biyu, wuri ɗaya, buƙata ɗaya: wani yana son abu, wani ya hana. Wani watan ka bar ƙirƙira ka ɗauki gaskiya. Mai shayin bakin ƙofar makarantarku ya ishe ka: yadda yake hura wuta da asuba, yadda yake ɗaga kofi sama yana zuba shayi a ɗayan ba ya zubar da ko ɗigo, littafin bashin ɗalibai da yake ɓoyewa ƙarƙashin tebur. Ka nemi izininsa tukuna, ka kuma nuna masa in ka gama. Duk wanda za ka ɗauka, ya san me za ka yi da hotonsa.

Ka tace da hannunka, kada ka ba wani. A wajen tacewa ne za ka gane hoton da ka manta ba ka ɗauka ba, kuma takaicin wannan ranar ya fi darasin wata guda zama a kai. Cikin manhajojin tace bidiyo, CapCut yana aiki a waya. DaVinci Resolve akwai na kyauta, ƙwararru ma suna amfani da shi, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi. Ka kuma canza yadda kake kallon fim. Zaɓi fitowa ɗaya da ta burge ka, ka kashe sautin, ka ƙirga sau nawa aka yanka, ka tambayi kanka me ya sa aka matso kusa da fuska a daidai nan. Rubutun da kake ƙorafin kuna kwafa a aji, a nan zai fara yi maka magana. Rigimar rukuninku kuwa ba abin mamaki ba ce, mutum 12 a kan waya ɗaya ai kowa darakta ne. Nemi uku masu zuwa a kan lokaci. Wannan watan kai ne darakta, wani yana kan hoto, wani yana kan sauti, wata mai zuwa ku juya. Ku faɗi aikin kowa kafin a fita, kuma ranar ɗauka maganar darakta ce ta ƙarshe ko da ka fi shi gaskiya.

Sai maganar daraktan. Ban ɗauke shi macuci ba. Haka masana'antar nan ta tashi tun daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano da suka fara fim ɗin bidiyo wajen 1990: yaro ya bi ubangida, ya riƙe waya, ya riƙe fitila, wata rana a ce ya gwada. Da yawan waɗanda ake ji da su a Kannywood a lokeshan suka koya, kuma akwai abin da ba za ka taɓa samu a aji ba, kamar yadda ake sarrafa mutum 30 masu yunwa rana tana shirin faɗuwa saura fitowa biyu. Amma "za ka ga aiki" magana ce mai faɗi. Tana iya nufin ka zauna kusa da mai ɗaukar hoto, tana iya nufin wata 3 kana sayo ruwan leda da jan janareto. Ka je ka same shi cikin ladabi ka tambaya: wane aiki zan riƙe, a ƙarƙashin wa, ci da kwana a kan wa, sunana zai fito? In da zaɓi, ka roƙi kwantiniti, wato mai lura da cewa hular da jarumi ya sa a fitowar jiya ita ce a kansa yau, kofin da ke hannun dama bai koma hagu ba. Mai wannan aikin yana manne da darakta da rubutun fim daga safe har dare, babu kujerar koyo da ta fi ta. Ka kuma buɗe ido, domin lokeshan yana koyar da kyakkyawa da mummuna tare. Gaggawa, da rubuta magana a tsaye ana jiran ɗauka, da raina sauti, duk za ka gansu. Ba dole ka gaje su ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne barin aji wata 3. Wannan zango guda ne cur, ka dawo ka tarar da darussan da za ka maimaita, wataƙila shekara ta ƙaru, kuma dole a yi wa mahaifinka bayani ko a yi masa ƙarya. Saura maka shekara ɗaya da 'yan watanni. Ka ce wa daraktan kana da Asabar da Lahadi, kana da hutun ƙarshen zango. In sashenku yana tura ɗalibai koyon aiki na SIWES, ka bincika ko za a amince ka yi naka a kamfanin shirya fim mai rajista ko gidan talabijin, ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, da takardar makaranta a hannunka. Fim mai dogon zango ba ya ƙarewa a wata 3, in wannan ya wuce wani yana tafe. Daraktan da ya ga amfaninka zai karɓi kwana biyu a mako. Wanda ya ce ko duka ko babu, hannun aiki na kyauta yake nema. In a Kano za ku yi aikin, ka sani akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha tun 2001, tana da ƙa'idojinta a kan masu harkar, ga kuma ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN; ka tambayi daraktan matsayin aikinsa a wurinsu kafin ka saka ƙafa.

Mahaifinka fa, kada ka ɗauke shi abokin gaba. Mutum ne da yake fita kasuwa ya tara kuɗin rajistarka, abin da yake ji game da 'yan fim kuma daga bakin mutane ne da abin da ake yaɗawa a waya: rawa da waƙa, rigingimu, cakuɗuwar maza da mata. Tsoronsa biyu ne, tarbiyyarka da abincinka, kuma duka biyun tsoro ne na mai ƙauna. Bai san akwai mai rubutu da mai tacewa da mai sauti waɗanda ba a taɓa ganin fuskarsu ba. Bai san cewa hannun da ke shirya fim shi ne ke shirya talla, da shirin tarihi, da shirin wayar da kai a kan lafiya ko noma, da shirye-shiryen tashoshi irin Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Aikin gidan rediyo da talabijin da yake yi maka fata, da abin da kake so, maƙwabtan juna ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Ka sauke wa mahaifiyarka wannan kayan. Riƙe sirri tsakanin miji da ɗa nauyi ne, kuma ranar da ya ji daga waje ita zai fara tuhuma. Ka gaya mata kana shirin sanar da shi da bakinka, ta taya ka zaɓen lokaci. Kada ka je masa da kalmar "fim" tsirararta, ka je da aiki. Cikin gajerun fina-finan nan naka, ka yi ɗaya a kan abin da yake girmamawa: sana'arsa, ko tarihin kakanku daga bakin wani dattijon gidanku, ko yadda aka gina masallacin unguwarku. Bayan sakamakon jarrabawa ya fito, ka zauna gabansa ka nuna masa takardar, sannan ka miƙa masa wayar ka ce, "Baba, ga irin abin da nake koyo, kuma shi nake so ya zama sana'ata." In kana jin nauyi, ka tafi da baffanka ko wani amininsa da yake jin maganarsa. In ya tambaye ka ko wannan hanya tana iya kai ka fim ɗin Hausa, kada ka yi masa kwana-kwana. Ka ce tana iya kaiwa, ka faɗa masa irin wanda za ka yi da irin wanda ba za ka yi ba.

Yana iya cewa a'a. In haka ta faru kada ka ɗaga murya, kada kuma ka ɗauka an rufe littafi. Ka gama digirinka, ka yi hidimar ƙasa, ka nemi gidan talabijin kamar yadda yake so. A can ma kyamara ce da tacewa, da albashi a kai. Iyaye sukan sauko idan suka ga abu yana ciyar da mutum bai kuma canza masa hali ba. Bayan digiri akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, akwai kwalejin talabijin ta NTA ita ma a Jos, akwai horon MultiChoice Talent Factory a Legas. Ga bukukuwan fim da ake baje gajerun ayyuka, irin Zuma a Abuja da KILAF a Kano. A irin waɗannan wurare abin da ka taɓa yi shi ke yi maka magana, a nan fina-finanka na minti 3 za su biya ka.

Batun lokaci yana wuce ka kuwa, har na yi murmushi. Usman Sembene na Senegal, wanda ake kira uban fim ɗin Afirka, dako ya yi a tashar jiragen ruwa ta Marsai a Faransa, sai da ya kai shekara 40 gajeren fim ɗin da ya fito da sunansa ya fita a 1963. Umaru Ganda na Nijar soja ya yi, ya yi leburanci a Abijan, kuma shi ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Sa'o'inka da ke sakin abubuwa a YouTube, Allah ya ba su sa'a, ka kalli nasu ka koyi abin koyo, amma yawan saki da iya aiki ba tare suke tafiya kullum ba.

Ga aikin da na ba ka. Gobe rajista. Cikin makon nan ka nemo mutum ukun nan ka sayi makirfo. Makon gaba ka je wurin daraktan da tambayoyinka huɗu. Nan da kwana 30 ka aiko mini da fim ɗin mai shayi, minti 3 kada ya wuce. Zan fara saurarensa ido a rufe kafin in kalli hoton, don haka ka san inda za ka ajiye makirfon. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Kawunka.